Ɗingishin Ingarma Tun Yana Duƙushi Yake Samo Asali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu dawaki na Gombe da Bauchi da kewaye a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi shekarun aikina a ɓangaren kula da lafiyar dabbobi, kuma tun kafin in yi ritaya nake da turke a gidana, saboda haka abin da zan faɗa ya haɗa da abin da na karanta, da abin da na gani a bargar mutane, har da abin da na aikata da hannuna na dawo ina cizon yatsa.

Duk shekara idan an sauko daga hawan Sallah, aka kwance sirdi da jalala aka mayar da dawaki turakunsu, sai ka ji koke iri ɗaya daga wannan barga zuwa waccan. Ingarma ɗan shekara biyu ko uku, wanda aka saya da tsada aka yi ta ɗura masa dawa, ya wayi gari gaɓar ƙafarsa ta baya ta cika da ruwa, idan ka danna gefe guda sai kumburin ya koma ɗaya gefen, wani ma har da ɗingishi. Mai dokin zai ce yaron da ya hau shi ne ya yi masa zamiya a kan kwalta, yaron zai ce mai barga ne ya bar shi ya zame a wurin wanka, wani dattijo kuma ya ce ai dokin ya yi kyau da yawa ranar hawa, baki ne ya kama shi. Daga nan sai a sa ƙarfe a wuta a yi masa lalas, ko a tsaga wurin a zubar da ruwan, bayan mako biyu kumburin ya dawo inda yake. Ba na musun cewa doki yana gurɗewa, kuma kwalta ba ta taɓa yi wa kofato daɗi ba. Amma cikin irin waɗannan dawaki akwai waɗanda ciwonsu ya girmi ranar hawan da shekara guda ko biyu, domin ya kafu ne tun suna bin uwa suna shan nono. A kansu, lalas da yi wa yaron barga faɗa duk an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ni ma na faɗa wannan rami. Wata shekara na kai goɗiyata aka yi mata barbara da wani dogon ingarma jinin Sudan, Allah ya sa ta haifi namiji. Saboda ɗokin in ga ya fi na kowa, sai na ɗaure shi kusa da uwarsa a tsakar gida don kada ya ji rauni a waje, kuma tun yana wata uku na fara zuba masa jiƙaƙƙiyar dawa da dusa safe da yamma. Ranar da yara ba su da makaranta sai a kai shi fili a sake shi, ya yi ta tsalle da gudu kamar zai tashi sama, a kamo shi a mayar turke sai kuma wani makon. Duk wanda ya gan shi sai ya ce tubarkalla, ni kuwa ina jin daɗi. Yana da wata 20 muka fara sa masa linzami, ba a yi wata guda ba gaɓoɓin ƙafafunsa na baya duka biyu suka cika da ruwa. Da ƙyar da jiɓin goshi na samu aka ɗauki hoton ƙashinsa, likitan ya nuna mini wani ɗan ɓallin ƙashi da bai fi ƙwayar wake ba a cikin gaɓar dama, ya kuma nuna mini ɗan'uwansa a ta hagu, a daidai wuri ɗaya. Wannan daidaiton ne ya tsaya mini a rai, domin faɗuwa ko harbin wani doki ba sa zaɓar lungu guda a ƙafa biyu.

Likitoci suna kiran wannan cuta ostiyokondurosis, wato tangarɗa a wurin da guringuntsi yake rikiɗewa ya zama ƙashi. Wani likitan fiɗa Bajamushe, Franz König, shi ya fara ba wa irin wannan ɓallewar ƙashi suna a ƙarshen shekarun 1880, bayan ya ga ɓaraguzai suna yawo a gaɓoɓin samari ba tare da sun ji wani mummunan rauni ba. Daga baya aka gane tana kama dawaki da aladu da karnuka da shanu. A 1986 masana a Amurka suka tattara ta da danginta, irin su kumburin wurin tsiron ƙashi da karkacewar ƙafar duƙushi da tanƙwarewar wuyan ƙafa, suka kira su gaba ɗaya cututtukan ƙashi na lokacin girma.

Duk wanda ya taɓa cin ƙafar saniya ya san farin guringuntsin nan mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi. A jikin babban doki siriri ne ƙwarai, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, yana shan abincinsa ne daga ruwan nan mai yauƙi da ke cikin gaɓa, kuma saboda sirantarsa abincin yana ratsa shi ba wahala. Na duƙushi kuwa daban yake. Ranar da aka haife shi, ƙarshen kowane dogon ƙashi nasa bai gama zama ƙashi ba. Akwai ƙashi a tsakiya, sannan guringuntsi mai kauri ya kewaye shi, wanda yake ƙaruwa daga waje yayin da ƙashin yake cinye shi daga ciki, har ranar da zai rage siririn lulluɓin nan kawai. Irin wannan kauri ya fi ƙarfin ruwan gaɓa ya ciyar da shi. Don haka Allah cikin ikonsa ya tanadar masa wasu ƙananan hanyoyi da suka huda cikinsa, kowace hanya ɗauke da jijiyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi. Hanyoyin na aro ne, idan guringuntsin ya sirance aikinsu ya ƙare sai su shafe.

Wanda ya san noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Dadin Kowa zai fi kowa saurin gane inda matsalar take. A ce kowane fangali yana da 'yar magudanarsa guda ɗaya tak, wadda ta taso daga babbar hanyar ruwa ta ƙare a cikinsa, kuma babu wata kafa tsakaninsa da fangalin maƙwabci. Muddin ruwa yana bi, lafiya lau. Ranar da magudanar ta karye a tsakiya, abin da ke gaba da karayar ya bushe ke nan, ko da na kusa da shi yana shaƙe da ruwa. Haka waɗannan jijiyoyi suke, kowace makauniyar hanya ce da ba ta haɗuwa da 'yar'uwarta. Kuma akwai lokacin da suka fi rauni. Da farko daga fatar da ke gefen guringuntsin suke shigowa, amma yayin da ƙashi yake matsowa sai ya haɗiye tsakiyar jijiyar, ta koma tana fitowa daga cikin ƙashi mai tauri tana shiga guringuntsi mai laushi. A wannan mahaɗa, inda tauri ya gamu da laushi kuma nauyin jiki yake murzawa a duk taku, nan ne jijiyar take yankewa.

Idan ta yanke, guringuntsin da take ciyarwa ya mutu a can ciki, alhali samansa yana nan sumul. Duƙushin ba ya ɗingishi, gaɓar ba ta kumbura, hoton ƙashi ma ba ya nuna komai a wannan mataki. Bayan 'yan makonni sai ƙashin da ke matsowa ya iso wurin, ya tarar da mataccen nama wanda ba ya rikiɗewa, sai ya kewaye shi ya bar gurbi, kuma a nan ne hoto yake fara kama shi. Daga nan abu uku ne ke iya faruwa. Sau da yawa jiki yakan share mataccen wurin ya cike shi da ƙashi, ba wanda zai taɓa sanin an yi. Wani lokaci kuwa rufin da ke saman gurbin yakan tsage, tamkar daɓen da aka yi a kan rami, ruwan gaɓa ya shiga ƙarƙashi, wani yanki ya ɗago ko ya ɓalle, gaɓar ta yi ta tara ruwa saboda abin da ke sukarta. Idan kuma wurin yana daidai inda nauyi ke sauka ne, sai ya lotsa ciki ya zama kogo a cikin ƙashin, wanda ɗingishinsa ya fi na sauran taurin kai.

Wannan bayani ba hasashe ba ne. Cathy Carlson da abokan aikinta a Amurka sun nuna alamunsa a dawaki tun 1995, bayan an riga an gan shi a aladu. Daga 2008 kuma Kristin Olstad da abokan aikinta a makarantar likitancin dabbobi ta Oslo a ƙasar Norwe suka riƙa cika jijiyoyin ƙafar duƙusai da wani farin sinadari mai fitowa a hoto, suka zana taswirar hanyoyin mako bayan mako, suka tarar mataccen guringuntsi yana zaune ne daidai inda jijiya ta katse, kuma a lungunan da aka san ɓallin ƙashi yana fitowa. Duk da haka mai gardama zai iya cewa wataƙila guringuntsin ne ya fara lalacewa, jijiyar ta bi shi. Sai suka yi abin da ya rufe bakin gardamar, suka buga sakamakonsa a 2013. Sun ɗauki duƙusai goma na wani gajeren dokin ƙasarsu wanda cutar ba ta cika kama shi ba, suna da kimanin mako biyu da haihuwa, suka yanke jijiya biyu kacal a guringuntsin gwiwar ƙafar baya da ke sama kusa da mara, ba su taɓa komai ba bayan wannan. Guringuntsin ya mutu, ƙashi ya kasa cike wurin a waɗanda aka duba mako uku zuwa sama bayan yankan, a ɗaya daga cikinsu kuma har saman gaɓar ya tsage, sak irin abin da likita ya nuna mini a hoton dokina.

Abin da nake so masu dawaki su riƙe daga duk wannan shi ne lokaci. Tunda jijiyoyin na aro ne, ba za su yanke ba sai suna nan, kuma ba sa daɗewa. A gaɓar nan mai kusurwa ta ƙafar baya, wadda jama'a suke ce wa gwiwa alhali ita ce daidai da idon sawun mutum, sukan shafe kafin duƙushi ya cika wata uku. A gwiwar gaskiya, wadda ke can sama kusa da mara, sukan ɗan jima, amma ba sa wuce wata bakwai. Masana a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun bi duƙusai 43 da hoton ƙashi wata bayan wata, suka buga abin da suka gani a 1999. Sun tarar da yawa suna da tabo a gaɓar mai kusurwa tun suna wata guda, amma mafi yawan tabon yana warkewa da kansa, sai dai wanda ya kai wata biyar yana nan, to ya zauna ke nan. A gwiwar sama tabon yakan fito daga wata uku zuwa huɗu, iyakarsa kuma wata takwas. Ma'ana, ingarman da ya kumbura bayan hawan bana, an gama rubuta labarin gaɓarsa kafin ya cika shekara guda. Horo da hawa ba su kawo ciwon ba, tona shi kawai suka yi.

To, ina dokin yake a waɗannan watanni takwas? Mu nan cikin gari ingarmu muke ɗaurewa, da wuya ka ga goɗiya a bargar mai hali. Goɗiyoyi suna ƙauye, ko suna can ƙasashen maƙwabta, a hannun mutanen da ba su da kuɗin kiran likita, mu kuma sai dokin ya kai munzalin sirdi muke zuwa kasuwa mu taya. Kuɗin da ake kashewa a kan kwalliyar doki guda ranar hawa zai iya ɗaukar nauyin goɗiya mai ciki da ɗanta na tsawon watanni, amma ba wanda yake tafa wa goɗiya a ƙofar fada. Yanzu da samari masu sha'awar kilisa da sukuwa suka fara ajiye goɗiyoyi suna haɗa iri da kansu, lokaci ya yi da za a faɗa musu abin da ke karya waɗannan jijiyoyi.

Na farko yana faruwa ne a ranar haihuwa. Mahaifar goɗiya ba ta bari garkuwar jikin uwa ta ratsa zuwa ga ɗan da ke ciki, saboda haka duƙushi yana faɗowa ne ba shi da kariya, sai abin da ya samu daga dakashi, kuma hanjinsa yana karɓar wannan garkuwa sosai ne a sa'o'i goma sha biyu na farko, bayan kwana guda ƙofar ta rufe. Har yanzu akwai masu tatse dakashi su zubar wai ƙazanta ne, wasu kuma goɗiyar takan zubar da shi kafin ta haihu ba a lura ba. Duƙushin da ya rasa shi, aka kuma bar cibiyarsa tana jan ƙasa a cikin kashin barga, ƙwayoyin cuta sukan shiga jininsa, kuma makafin hanyoyin nan na guringuntsi suna cikin wuraren da suke maƙalewa su toshe jijiya. Binciken da aka yi a Norwe ya nuna duƙusan da suka tsira daga irin wannan cuta suna jarirai sun fi sauran yawan samun ɓallin ƙashi a gaɓoɓi idan sun girma. Tsoma cibiya a ruwan aidin mai sauƙi, da shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai tsabta, da tsayawa a ga ya kama nono da wuri, duka ba su kai kuɗin buhun dusa ba. A nan zan ja kunne: duƙushi ɗan kwanaki da gaɓarsa ta kumbura da zafi, yana zazzaɓi ya ƙi nono, wannan ba abin jira ba ne, a nemo likita a ranar.

Na biyu shi ne wanda na yi wa nawa, wato ɗauri na kwanaki sannan gudu na hauka. Duƙushi an halicce shi ne ya riƙa bin uwarsa a hankali wuni guda, ya ɗan yi tsalle ya kwanta, ya tashi ya ci gaba. Bincike a yankin Nomandi na Faransa ya danganta cutar da motsi marar tsari da kuma sakin ƙananan duƙusai a makeken fili mai gargada, wani binciken a Beljiyam kuma ya tarar waɗanda suka yi shekararsu ta farko a makiyaya sun fi waɗanda ake kullewa a ɗaki tsira. A ƙasarmu ga dabaibayi, ga turke, ga ƙasar rani da ta bushe ta tsattsage kamar dutse, musamman baƙar ƙasar kwari inda sawun shanu na damina ya daskare ya zama ramuka. Ɗan fili shimfiɗaɗɗe mai yashi, wanda uwa da ɗa za su wuni a ciki a sake kullum, ya fi filin ƙwallo sau ɗaya a mako.

Batun ciyarwa shi ne zai fi yi wa mutanenmu ɗaci, domin a wurinmu ƙibar doki ita ce shaidar mai shi ba matsiyaci ba ne. Duƙushi yana girma da saurin da ba ya buƙatar a tura shi, domin a wata shida ya riga ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na tsayin da zai yi, alhali bai kai rabin nauyinsa ba. Masana a Ostireliya sun gwada a 1993, suka ba wa wasu duƙusai abinci mai ƙarfi da ya kai kashi 129 cikin 100 na abin da ake ƙiyasta suna buƙata, sai tabon guringuntsi ya yawaita a cikinsu fiye da waɗanda aka ba daidai ƙima. Waɗanda aka ƙara wa abinci mai gina jiki kuwa ba su nuna irin wannan ba. Ke nan laifin yana wuyan hatsi mai yawa, dawa da gero da masara, ba na harawa ba. Haka kuma goɗiyar da aka cika wa ciki da hatsi tana da juna biyu, an ga 'ya'yanta sun fi kamuwa. Duƙushin da kake iya jin haƙarƙarinsa da tafin hannu ba tare da ka gan su ƙuru-ƙuru ba, yana tsayi a hankali ba tsalle ba koma baya, shi ne mai lafiya, ko da maƙwabci ya ce kana yi masa rowa.

Dusa kuma tana da nata laifin daban. Ita da hatsi suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam ɗinsu kuwa kaɗan ne, alhali ƙashi mai girma yana son kalsiyam ya rinjayi fosfaras, kusan biyu bisa ɗaya. A gwajin nan na Ostireliya, duƙusan da aka ninka wa fosfaras kusan sau huɗu su ma sun samu tabon. Tun da can Turawa sun san wata cutar kumburin ƙasusuwan fuska da suke kira cutar dokin mai niƙa, saboda dokin mai injin niƙa dusa kawai yake samu. Mu kuwa Allah ya hore mana maganin a gona, domin harawar wake da ta gyaɗa suna da wadatar kalsiyam, kuma ƙasar Gombe ba ta rasa su ba, sai dai mu sayar wa masu kiwon raguna mu sayo dusa. Kanwar da muke jiƙa wa doki tana da nata amfanin a wurin masu barga, amma gishiri ce irin nata, ba ta maye gurbin kalsiyam. Akwai kuma sinadarin jan ƙarfe, wanda jiki ke buƙata kaɗan don ɗinke guringuntsi da gyara shi. Nonon goɗiya ba shi da shi sosai, saboda haka ɗan yana tara guzurinsa ne a hanta cikin watanni uku na ƙarshen ciki, wanda gaba ɗayansa wata goma sha ɗaya ne. A Niyu Zilan an gwada a 1998, aka ga ba wa uwa sinadarin kafin ta haihu ya rage tabo a 'ya'yan, ba wa 'ya'yan bayan haihuwa kuwa bai yi wannan tasiri ba. Amma kada wani ya ji haka ya je ya auno da ka, domin ma'auninsa na likita ne.

Gado ma yana da hannu. Cutar ta fi yawa a manyan dawaki masu saurin girma, tana da ƙaranci a gajeru da waɗanda ke rayuwa a daji ba mai ciyar da su. Masu kiwon dawakin wasanni a Holan sun shafe shekaru tun daga ƙarshen shekarun 1980 suna ɗaukar hoton ingarmu suna hana masu tabo yin barbara, duk da haka cutar ba ta ɓace ba, domin ba ƙwayar gado ɗaya ce ke ɗauke da ita ba, kuma kiwo yana da nasa rabon. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, duk lokacin da muka ɗora dogon baƙon ingarma a kan goɗiyarmu ta gida don neman tsayi, mun sayo har da nauyin kula da gaɓoɓin ɗan, kuma ingarman da gaɓoɓinsa biyu suke cike da ruwa tun yana saurayi bai kamata a riƙa layi a ƙofar mai shi ba, komai kyan wuyansa.

Wanda zai sayi doki kuwa, bayan ya buɗe baki ya duba haƙora, ya sunkuya ya shafa gaɓoɓin baya duka biyu ya gwada su da juna, ya kai hannu har gwiwar sama da gaɓar da ke saman kofato. Ya sa a naɗe ƙafar a riƙe ta sama kamar minti guda, a sake ta a ja dokin da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya kalli takun farko. Ya dawo washegari da sassafe ba tare da ya sanar da mai dokin ba, domin allurar kashe zafi tana ɓoye ɗingishi na wuni. Idan kuɗin dokin masu nauyi ne, hoton ƙashi na ƙafa biyu bai kai asarar da zai hana ba. In kuwa an riga an saya kumburi ya fito, ina roƙon 'yan'uwa da girman Allah su ajiye ƙarfen lalas da aska. Wuta a kan fata ba ta isa inda ɓallin yake, huda gaɓa da abin da ba a dafa ba kuma yakan shigar da ƙwayoyin cuta, ya mayar da dokin da ake iya hawa gurgu na har abada. Maganin ɓallin da ya riga ya rabu shi ne fiɗa ta ƙaramar kafa, a zura madubi a ciro shi, kuma a gaɓar mai kusurwa yawancin dawakin da aka yi wa sukan koma aikinsu. Ƙaramin duƙushi da aka gano da wuri kuwa, rage hatsi da taƙaita gudu sukan ba jiki damar gyara kansa.

Malam Edita, masarautun nan namu a bayan doki aka kafa su, tun zamanin Buba Yero a Gombe da Malam Yakubu a Bauchi, kuma har gobe akwai Shamaki da sauran masu kula da bargar sarki waɗanda maganarsu take da nauyi a wurin duk mai doki. Ina roƙon iyayenmu sarakuna, daga Gombe da Dukku da Deba har Bauchi da Katagum da Misau, su sa a riƙa tara masu goɗiyoyi ko sau ɗaya a shekara a gaya musu batun dakashi da cibiya da harawa, kuma idan ana raba kyauta ga dokin da ya fi ado, a ware wata ga wanda ya fito da goɗiya da ɗanta masu ƙoshin lafiya. Ina kuma roƙon tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Maiduguri, da cibiyar bincike ta Vom, su tura ɗalibansu da na'urar hoto ta tafi-da-gidanka su bi duƙusanmu na gida da na haɗin iri daga wata ɗaya zuwa shekara, kamar yadda aka yi a Holan, domin abincinmu da ƙasarmu da yadda muke ɗaure doki duk namu ne. Gwamnatocin jihohin biyu kuwa, na'urar hoton ƙashi guda a babban asibitin dabbobi na kowace jiha, da likita ɗaya da aka horar a kan fiɗar gaɓa, za su wadatar da mu shekaru masu yawa.

Dokin nan nawa yana nan a turkensa. Ban samu halin yi masa fiɗa ba, kuma na hana a kusance shi da wuta. Yana fita kilisa da yamma da taƙama, jikokina suna hawansa, amma ban ƙara sa shi a sukuwa ba, kuma duk wanda ya zo neman barbara da shi nakan ba shi haƙuri in faɗa masa dalili. Uwarsa tana da ciki wata takwas yanzu. Na rage mata dawa, na tanadi harawar gyaɗa da za ta kai mu saukar damina, na kuma rushe wani tsohon ɗaki a bayan gida na zuba yashi tifa biyu a wurin.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Wani tsohon ma'aikacin lafiyar dabbobi,
Gombe.